Ranar da Aka Juya Jitar Bahago

Sallama gare ku masu bibiyar labarina. Yau ban zo neman tausayi ba, don haka duk wadda ta tanadi zagi ta ajiye shi kusa, za ta buƙace shi kafin mu kai ƙarshe. Sau huɗu ina rubuta wannan kashin ina gogewa, saboda duk lokacin da na karanta sai in ga na shafa wa kaina hoda a inda ya kamata a ga tabo. Wannan karon zan faɗi abin yadda ya faru.

Ga waɗanda suka shigo yanzu: ni ce babba a gidanmu, shekarata ashirin da tara, ina aiki a kantin magani, ƙannena mata biyu kuma duk sun riga ni aure. Wanda ya san gida irin namu ba ya buƙatar ƙarin bayani. Wata bakwai ke nan da wani bawan Allah ya fito nemana, mai aikin awon filaye, a gida ana ce masa Safiyo. Tun ranar da ya fara sallama Mama take lallaɓa maganar nan kamar mai ɗauke da ƙwai a faranti, ko tari na yi a gabansa sai ta harare ni.

A saman sif ɗin kayana akwai jita. Mai ita ya rasu wata goma sha ɗaya da suka wuce, kuma ban taɓa kawo muku zancensa ba. Wannan ma abin kunya ne na farko.

Bahago ake ce masa, don da hagu yake komai. A bene ɗaya muka tashi, su a sama mu a ƙasa, kuma tun yana ɗan shekara goma sha huɗu ya mallaki kwanar matakala, wai a nan sauti ya fi zama. Sikila ce da shi. Rabin rayuwarsa a gadon asibiti ya yi ta, sauran rabin kuma yana yi wa ciwon ba'a. Da ya girma ya zama mai kiɗa a wuraren biki da ƙananan ɗakunan taro, ba wani shahararre ba, amma wanda ya ji shi sau ɗaya yakan tambayi sunansa. Ni ce nake rubuta masa baiti a bayan kwalayen magani idan kanti ya yi shiru, shi ya sa ya raɗa min Alƙalami.

“Alƙalami, wannan baitin ya yi tsawo,” yakan ce yana juya kwalin. “Numfashina ba zai kai ba. Kin manta jinin nawa rabi ne?”

“To ka rage.”

“In na rage ki yi fushi.”

“To ka bar shi.”

“In na bar shi in suma a gaban amarya, a ce kishi ne.”

Na san wasunku har sun taɓe baki. A'a, ba saurayina ba ne. Bai taɓa cewa yana sona ba, ni ma ban taɓa jiran ya ce ba. Abokina ne, irin abokin da zai kalli fuskarki daga saman matakala ya ce wa ya ɓata miki rai, tun kafin ki cire takalmi. Amma duniya ba ta da aljihun da za ta saka irin wannan abotar. Shekara biyu da suka wuce wani da ya fito nemana ya janye, saboda gwaggonsa ta gan ni a bayan ɗakin taro ina riƙe wa Bahago jakar jita, shi kuma yana durƙushe yana jiran ciwon ƙafa ya lafa. Tun daga ranar sunansa a bakin Mama ya koma “wancan makaɗin”.

Ranar da ya rasu Mama ta yi kuka na gaske, ba zan yi mata ƙarya ba. Amma bayan mako guda ta zauna a bakin gadona ta ce, “Allah ya jiƙansa, yaron kirki ne. Sai dai sunansa kada ya ƙara fita daga bakinki a gaban baƙo. Ya tafi, kada ya tafi da aurenki.”

Yayansa ne ya sauko min da jitar kafin su tashi daga gidan, cikin baƙar jakarta mai mataccen zif da aka ɗaure da igiyar takalmi. Abin da ya ce kawai shi ne, “Ya ce a ba Alƙalami.” Tun daga ranar ban kaɗa ta ba, ban murɗa ko ɗaya daga kunnuwan ɗaure tsirkiyarta ba. Nakan sauko da ita in goge katakon da tsohon ɗankwali, amma tsirkiya shidan nan ban taɓa gogewa ba. Sun yi baƙi a daidai wuraren da yatsunsa suka saba dannawa, kuma wannan baƙin shi ne abin da ya rage min nasa.

Yanzu ga yadda ƙaryar ta fara.

Mama ta sa a yi wa ɗakina fenti saboda 'yan'uwan Safiyo mata za su kawo ziyara, sai aka jibge kayana a falo. Ranar kuwa Safiyo ya zo da wuri. Ina cikin wata koɗaɗɗiyar doguwar riga mai ɗigon fenti a hannu, da ƙyar na samu na yafa gyale. Shi kuma ga shi nan fes kamar kullum, farar riga, biro biyu a aljihu, takalmi na ƙyalli. Ku san halinsa: mutum ne da ba ya iya ganin abu a karkace ya wuce. Agogon bangonmu shekara shida yana kallon gefe, ranar da ya fara shigowa falon ya miƙe ya daidaita shi kafin ya sha ruwa.

Idonsa ya sauka a kan jakar. Ya kwance igiyar takalmin a hankali.

“Jita? Ta wa ce?”

Kafin in buɗe baki Mama ta amsa daga ƙofar kicin. “Wani ɗan haya ne ya tashi ya bar ta.”

Ya juyo ya kalle ni. Da na yi shiru ma da sauƙi, sai in ce ƙaryar Mama ce. Amma ni, da bakina, na ce, “Eh, tarkace ne. Ni ban ma san mai ita sosai ba.” Kuma don in ƙara wa zancen gishiri na ce, “Na so in koya, amma kamar ta lalace.”

Baki shi ke yanka wuya. Ya ɗaga ta, ya karkata kai, ya auna ta da ido kamar yadda yake auna fili.

“Ba lalacewa ta yi ba. An ɗaura tsirkiyar a juye. Mai kaurin ya kamata ta zo sama, nan kuma ga ta a ƙasa. Shi ya sa ba za ta kaɗu miki ba.”

Na yi dariya na ce, “Ashe.” Na karɓe ta na mayar jaka, na ɗauka magana ta mutu a nan.

Bayan kwana goma, ranar Talata da la'asar, ina jera maganin tari a kanta wayata ta yi ƙara. Hoto ne. Baƙar jakar a kwance a kujerar bayan motarsa, har ya ɗaura mata bel. Ƙasan hoton ya rubuta:

“Ki yafe min, na yi sata amma da izinin Mama. In kin tashi ki same ni a layin masu gyaran rediyo, shagon ƙarshe. Akwai albishir.”

Na kira shi sau uku bai ɗauka ba. Na rubuta, “Kada ka bari a taɓa ta.” Na tsaya ina kallon saƙon. In ya ce don me fa? Tarkacen ɗan haya ne, ni na faɗa. Na goge. Na rubuta, “Ka jira ni.” Wannan na tura. Sannan na kira Mama.

“Mama, ina jitar?”

“Ni na ba shi. Ya ce gyara miki zai yi.”

“Mama, ba a gyara ta. Haka take.”

“Ke, saurara. Mutum ya ɗauki ƙafa ya zo don ya faranta miki, ki je ki yi godiya. In kika buɗe baki kika kawo min zancen makaɗi, ki san inda za ki kwana da baƙin cikina. Katako ne da waya, ba mutum ba ne.”

Ta kashe. Na ce wa mai kantin kaina ke ciwo, na fita ko farar rigar aiki ban cire ba, na dai rufa mayafi a kanta na tari tasi. Ba sai an yi min kwatance ba. Mai gyaran jita ɗaya ne a layin nan, kuma na je shagonsa ya fi sau talatin ina biye da Bahago. Baba Mai Gyara shi ne ya juya masa jitar tun farko, lokacin da ya kawo ta yana yaro ya ce hannunsa ya ƙi yarda da ita.

Shagon na nan yadda na san shi. Siriri, warin gam da garin katako, jitoci a rataye ta wuya, tsofaffin lasifika cikinsu a buɗe, fanka marar murfi tana juyi a kusurwa. Baba na zaune bayan teburinsa da tabaraun nan da ya ɗaure ƙafarsa da waya. Jitar na kwance a kan tsohon tawul a gabansa, kuma da na ƙirga tsirkiyar da ido, shida na nan cif. Na sauke ajiyar zuciya.

Safiyo ya miƙe yana murmushi. “Yauwa, ga ta nan. Baba ya ƙi taɓawa, wai sai mai ita ta zo.”

Baba ya ɗago ya kalle ni ta saman tabarau. Mutumin da yake ajiye min kujerar roba, wanda yake tsokanata cewa rubutuna kamar tafiyar tururuwa. Na gaishe shi gaisuwar wanda ban taɓa gani ba. Ya amsa min irin yadda na gaishe shi.

“'Yata, ke ce mai ita yanzu?”

“Eh, Baba.”

“To bari in faɗa miki abin da na faɗa wa maigidan naki. Wannan ba kuskure aka yi ba. Ta bahago ce, da gangan aka juya ta. Har ɗan ƙashin nan da tsirkiya ke hawa a wuya an sake fere shi.” Ya ɗora yatsa a inda fentin ya goge ya koma fari. “Dubi nan. Shekaru hannu ya yi yana wucewa kafin wurin ya zama haka. Tsirkiyar kuma ta tsufa, in ta sauka ba ta komawa. In na juya, na juya ke nan. Kin san mai ita?”

Safiyo ya ce, “Wani ɗan haya ne, Baba, ya tashi ya…”

“Ita na tambaya.”

Masu karatu, tsohon nan ƙofa ya buɗe min, ya riƙe ta da hannunsa. Kalma ɗaya ta isa. Ko cewa na yi a bar ta haka na fi sonta, da an bari. Na kalli Safiyo, fuskarsa sai sheƙin murna take, ga fakitin sabuwar tsirkiya a hannunsa. Na tuna gwaggon wancan. Na tuna ɗakin da aka yi wa fenti, da ƙannena da suke zuwa gida da goyo suna tambaya ko an sa rana. Na tuna cewa in na ce na san shi, to na zama maƙaryaciya a gaban mutumin da ba ya barin ko agogo a karkace.

Na ce, “Ban san shi ba, Baba.”

Ya ɗan jima yana kallona, sannan ya gyaɗa kai ya ce, “To.” Ya jawo filaya.

Ba a yanka tsirkiya tana ɗaure, sai an sassauta ta. Ya kama kunnen farko ya dinga murɗawa, yana taɓa ta da babban yatsa, sautin yana sauka, yana sauka, har ya zama ba sauti ba. Sannan ya datse ta a tsakiya. Ya zare guntayen biyu ya jefa cikin wani tsohon gwangwanin fenti da ke ƙarƙashin tebur, wanda yake cike da ɗaruruwan tsofaffin tsirkiya a cukurkuɗe, duk kalarsu ɗaya. Ya kama kunne na biyu.

Ina tsaye, na dunƙule gefen mayafina a hannu. Safiyo ya fita ya dawo da lemo uku, ya buɗe min nawa, ya jawo min kujerar robar nan, ita dai. Na zauna.

“Albishir ɗin bai ƙare ba,” ya ce yana zama a kan wata lasifika. “Na samo miki malama. Mace ce, tana koyarwa a gidanta duk ƙarshen mako. Na je na ga wurin da kaina.”

Na kalle shi kawai.

“Kin yi mamaki? Ai gidanmu kiɗa ba baƙo ba ne. Ƙanin mahaifina da shi ya ci abinci har ya tsufa, shi ya rene ni ma bayan rasuwar mahaifin nawa. Ranar da kika ce kina son koya, daɗin da na ji Allah kaɗai ya sani. Na ce ashe za a ƙara jin wannan sautin a gidana.”

Lokacin da ya faɗi haka, huɗu sun riga sun shiga gwangwani. Saura biyu. Kuna tsammanin na miƙe na ce a tsaya? Ban miƙe ba. Kunya ce ta danne ni, kunyar da ta fi ta farko, don yanzu na gane cewa duk abin da nake gudu babu shi. Garin neman gira na rasa ido. Na zauna da kwalbar lemo a hannu ina kallo aka datse ta biyar, aka datse ta shida.

Baba ya ɓamɓare ɗan ƙashin da shi da kansa ya fere shekara goma sha biyar da suka wuce, ya manna sabo. Ya goge wuyan da tsumma mai mai, baƙin da ke jikin katakon ya bi tsumman. Ya ɗaura sababbi, farare tas suna ƙyalli, ya ɗaɗɗaure, ya saurara, ya ƙara murɗawa. Bai ɗago ya kalle ni ba ko sau ɗaya. Da ya gama ya kaɗa ta kaɗan da dama, ta yi sauti mai kyau, mai tsabta, sautin da ban sani ba. Ya miƙa wa Safiyo, ba ni ba.

Safiyo ya miƙo min da hannu biyu ya ciro waya. “Riƙe in ɗauke ki hoto. Ranar farko.”

Na karɓa. Wallahi ban yi tunani ba. Hannuwana ne suka juya ta da kansu, wuyan ya kalli dama, cikinta ya zauna a cinyata ta hagu. Yatsun damata suka hau inda suka saba hawa, babban yatsan haguna ya sauko a kan tsirkiya. Wani sauti ya fito, mummuna, a hargitse, domin kowace tsirkiya ta bar gurbinta.

Abin da ban faɗa muku ba shi ne, shekara shida Bahago ya yi yana koya min a kwanar matakalar nan. Jita ɗaya ce gare mu, tasa, don haka yadda yake riƙewa haka na koya. Ban taɓa riƙe jita ta wata fuskar ba a rayuwata.

Safiyo ya sauke wayar a hankali. Ya kalli yatsuna, waɗanda suke nan a jere a inda wanda bai iya ba ba zai san a jera su ba.

“Ke ba bahaguwa ba ce,” ya ce. “Da dama kike rubutu. Da dama kike komai.”

Baba yana naɗe tawul ɗinsa, bai ko juyo ba, ya ce a hankali, “Juya ta, Alƙalami. Yanzu ta dama ce.”

Da ƙasa za ta tsage a lokacin da na shige na ja ta na rufe.

A mota Safiyo bai kunna inji ba. Ya ɗora hannu biyu a sitiyari yana kallon gaba, masu shaguna suna ta shigar da kayansu. Jitar na kujerar baya. Na faɗa masa komai, matakala da kwalayen magani, asibiti, gwaggon wancan, maganar Mama. Ina yi ina kuka, majina da hawaye, duk kwalliyar da nake kiyayewa a gabansa wata bakwai ta tafi. Ya miƙo min hankici bai kalle ni ba.

“Yana sonki?”

“Bai taɓa faɗa ba. Abokina ne.”

“Ke fa?”

“Abokina ne. Ba ni da wanda ya fi shi.”

“To me ya hana ki faɗa min?”

“Na ji tsoro.”

“Tsoron me? Na taɓa zagin makaɗi a gabanki?”

“A'a.”

“Na taɓa tambayarki wa kika sani kafin ni?”

“A'a.”

Na fi son ya yi faɗa, ya buga sitiyari, ya ce in fita. Amma Safiyo ba ya ɗaga murya, auna magana yake kafin ya ajiye ta.

“Kin zauna kina kallo na sa aka yanke abin da mamaci ya bar miki, ina ta washe baki ina raba lemo. Wannan zai daɗe yana damuna, amma zan iya haɗiye shi. Ƙaryar da kika yi min a falo ma na gane, Mama ce ta fara, kika bi.” Ya juyo ya kalle ni a karon farko. “Abin da ya ba ni tsoro daban ne. Mutumin da kuka yi shekara ashirin tare, kika ce ba ki san shi ba, a gaban wanda ya san kin san shi. Ni wata bakwai kawai na yi.”

Me zan ce? Gaskiya ya faɗa.

Ya kai ni har ƙofar gida. Ya fito ya ɗauko jitar, ya ɗaure igiyar takalmin da kyau ya miƙo min. Bai shiga gaida Mama ba, abin da bai taɓa yi ba.

“Ki ba ni kwana biyu,” ya ce. “Ba fushi nake ba. Tunani zan yi.”

Mama na falo tana ninke wanki. Ta ga idona, ta ga jakar, ta leƙa bayana ta ga babu kowa.

“Ina yake?”

“Ya wuce.”

“Me kika faɗa masa?”

“Gaskiya, Mama. Amma sai da na bari aka gama yankawa.”

Ta ajiye zanen da ke hannunta. Na ga bakinta ya motsa zai yi faɗa, sai kuma ta fasa, ban san me ta gani a fuskata ba. Na wuce ɗaki na tura ƙofa. Warin sabon fenti bai gama fita ba. Na kwantar da jakar a gado na zauna a ƙasa, ban iya buɗe ta ba.

Bayan magariba wayata ta yi ƙara. Na zabura na ɗauka Safiyo ne. Saƙon murya ne daga lambar yayan Bahago, minti ɗaya da 'yan daƙiƙu. Na danna. Ba muryarsa ba ce, muryar Inna ce, mahaifiyarsu, wadda rabona da ita tun ranar da motar kaya ta kwashe su daga benenmu. Muryar ta ƙara tsufa, tana magana tana hutawa.

“Alƙalami, 'yata, Inna ce. Kin ɓuya. Ba laifi, na san aiki. Na ji an ce aure ya matso, Allah ya sa albarka, ya ba ku zaman lafiya. Wata alfarma nake nema. Watan gobe ɗan'uwanki zai cika shekara, kuma kwanan nan ya tsaya min a rai. In babu takura, ranar Asabar ki kawo min jitar nan. Ba karɓa zan yi ba, taki ce, shi ya ba ki. Idona ya yi rauni yanzu, ko hotonsa ba na gani sosai. So nake in ɗora hannuna a kan wayoyin nan, inda yake ɗora nasa. Kayansa duk an rabar, rigunan an wanke, babu abin da ya rage da hannunsa a jiki sai ita. Yayansa ya ce wai ƙila an canza su. Na ce masa ba ka san Alƙalami ba. In dai ita ce, yadda ya bar ta haka za mu same ta.”

Na saurare shi sau ɗaya, ban iya maimaitawa ba. Alamar da ke jikin saƙon ta riga ta nuna musu cewa na ji. Safiyo bai kira ba har yau, kuma in faɗa muku gaskiya ba shi nake tunani ba.

Ban ba Inna amsa ba tukuna. Gobe ce Asabar.